Keken da Yaya Sabo Ya Ƙi Sayarwa

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sabo, mai facin buhu a Dangora. Allah Ya jiƙansa. Rabon tallafin sana'a da gwamnati ta yi makon jiya ne ya dawo mini da shi sabo fil.

A zamaninmu ma an yi irinsa. Ni da shi duk muna zaman kashe wando, aka sa sunayenmu. Injin ban-ruwa Sabo ya nema a fom, amma da muka je sakatariya sai aka miƙa wa kowa keken ɗinki, har da mu da ko zare ba mu iya zura wa allura ba. Dillalai kuwa suna bakin ƙofa suna jira, kamar yadda aka saba. Kafin la'asar na sayar da nawa a rabin kuɗinsa. Sabo ya ɗaure nasa a bayan babur, ana ta yi masa dariya, ni ne ma kan gaba.

Riga dai bai taɓa iyawa ba. Wadda ya gwada a kaina, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Amma da kaka ta yi, ya lura babu manomin da ba shi da buhunan da ɓera ya huda. Ya sa allura mai kauri, ya kafa keken a gindin mangwaro yana faci. Daga baya har daga Kafin Maiyaƙi ake kawo masa tamfol ɗin shanya masara. Da wannan ya ciyar da iyalinsa, ya ciyar da ni, ko da yake har yau ina jin kunyar faɗa.

Da zai dawo yau, zai tarar fom ya koma cikin waya, amma dillalan suna nan inda ya bar su.

Makon jiyan nan sunan 'yarsa Hadiza ya fito, wadda take hannuna tun rasuwarsa. Injin markaɗe aka ba ta. Na raka ta karɓowa ina tsoron kada ta sayar, ga shi ba ni da bakin yi mata nasiha. Muna fitowa wani dillali ya tare ta, ya taya da daraja. Ta dube ni, na sunkuyar da kai.

"Baffa, samo mana igiya," in ji ta.

Sabo bai bar gona ba, bai bar shanu ba, wannan taurin kan ya bari. Ni na ɗaure injin a bayan babur, irin ɗaurin da na ga ubanta ya yi ranar da nake masa dariya.