Saƙon Uwar Wani

A tashar mota ta kasuwar Suk al-Shabi wani dattijo mai koɗaɗɗiyar jallabiya yana jiran motar unguwar Alsawra. Sabon shiga WhatsApp ne, da yatsa ɗaya yake dangwalar wayar kamar mai taɓa garwashi. Ashe layin da ya saya na wani ne a da. Saƙon murya ya shigo masa, muryar wata tsohuwa ke fitowa: "Ubaidullahi, ɗana, in kana raye ka amsa mini."

Wata mata mai shayi da ke gefensa ta ce, "Baba, ba a amsa baƙuwar lamba. Haka jami'an tsaro ke kama mutane."

Wataƙila shi ma yana da ɗan da bai dawo ba. Ya sake saurara, sannan ya toshe lambar. Motar ta cika ta tashi, shi yana zaune, shayinsa ya huce.