Barkonon da na kai Tamale

Mun tashi daga zangon Kumasi da asuba, ana idar da salla, ni da ƙanen maigidana, a bayan lorin goro. Abin da ya tashe ni saƙo ne da wani fatake ya kawo: ƙwaro ya shiga waken gidan da 'yata ta fari take aure a Tishigu, wata unguwa a Tamale. Shekararta ta farko ke nan, kuma ita surukarta ta damƙa wa ajiyar waken da gidan zai ci har damina. In ya lalace, yunwa ce ga gida, ita kuma sunanta ya ɓaci. Na ƙulle busasshen barkono da ganyen darbejiya a tsumma, yadda uwata ta koya mini, na yi bismilla.

Har Mampong daji ne mai duhu, hanya tana hawa tana murɗewa. Daga Ejura itatuwa suka fara gajarta, doya kuwa arha kamar a ce ɗauki kyauta. A nan wani ɗan tireda ya zauna daram a kan ƙullina, barkono ya fashe. Lori duka atishawa, har akuyar da ke ƙarƙashin benci. Na yi ta ba da haƙuri ina danne dariya.

A Yeji mun daɗe muna jiran jirgin fito, don sai da motar Baturen mulki ta haye tukuna. Na sayi soyayyen kifi da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, na yi azahar a bakin ruwa. Mun kwana Salaga, washegari muka shiga Tamale.

Na sauka wurin yayana a unguwar Sakasaka, don ba a sauka gidan surukai. Da la'asar muka je gaisuwa. Tsohuwar surukar tata, Badagomba ce mai fara'a, ta yi ta jero gaisuwa ina amsa "Naa" har wuyana ya gaji. 'Yar tawa ta kawo ruwa ta durƙusa. Ban dube ta ba, 'yar fari ce, amma na ga ta rame, zuciyata ta karye.

Tsohuwa ta ce, da irin Hausarta, "Uwan amarya, tunda ka zo, yau za a buɗe tukunya."

Ashe tun da yarinyar ta ga ƙwaro ba ta zauna jirana ba. Ta shanya waken a rana, ta tsince mai huji, ta cuɗe sauran da tokar murhu da barkono irin na gidanmu. Sannan ta daka saiwar itacen sanya da matan unguwar suke haƙowa a daji, ta barbaɗa, ta liƙe bakin randunan da laka. Ba wanda ya san abin da ke ciki.

Aka fasa lakar. Wani ƙamshi mai yaji ya taso. Tsohuwa ta zura hannu har gwiwar hannu, ta ɗebo daga can ƙasa, ta hure toka. Fari tas, ko huji ɗaya babu. Ta sa aka fasa lakar randa ta biyu, haka. Sai ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Yarinyanka ya iya! Ajiyan dawa ma na ba shi."

Ni kuwa kunya ba ta bar ni in yabi 'yar fari a gaban mutane ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Ai yarinya ce, sai kuna haƙuri da ita." Amma Allah ya san a raina guɗa nake yi, ina ta alhamdulillahi.

Ranar komawa ta rako ni tasha. Ta cusa mini wani abu a hannu, ta ce, "Mma, ki sa a naki waken." Saiwar sanya ce.

Mun iso Kumasi lafiya. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, abin da ka nuna wa yaro a tsakar gida yana bin sa har inda ƙafarka ba ta kai ba, ya kuma ƙara da na mutanen wurin. Maigida ya tambaye ni yaya yarinyar. Na ce, "Tana nan dai." Sannan na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na yi guɗata ni kaɗai.