Baƙa da Gurguwa a Cikin Goran Babana

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen damina, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, aka aike ni korar tsuntsaye a gonar shinkafarmu da ke hanyar Auyo. Ruwan kogi ya hauro har gindin tudun da muke zama, ya cika ramukan da ke wurin. A kan wani karan dawa na hango manyan gizo-gizo guda biyu, irin masu gashin nan da ke zama a rami, sun maƙale ruwa na kaɗa su. Ɗaya baƙa wuluk, ɗaya kuma ƙafarta bakwai. Na juye furar da ke ƙwaryata a ƙasa, na tura su ciki da tsinke. Ranar tsuntsaye sun ci shinkafa son ransu, ni kuma na sha carbin Baba a gadon baya.

Babana masunci ne, kuma akwai wani tsohon goransa na su da ya tsage, an yar da shi bayan rumbu. Na zuba yashi a ciki, na rufe bakin da tsohuwar koma, nan ya zama gidan Baƙa da Gurguwa. Inna ta ce tautau ne, za su yi min fitsari fatata ta kwaile, in fitar da su. Kakata Iya, wadda ta haifi Baba, ita ta tsaya min, amma ba ta bar ni na huta ba. "Maigidan nawa, sa'o'inka na kiwon akuya, kai kana kiwon ƙafafu. Yaushe za mu sha nono?" Kullum bayan na ɗebo ruwa na share turken jaki, sai in bazama kamun fara da gyare. Yara na langa a dandali, ni ina kwance rub-da-ciki ina kallon yadda Baƙa ke yin shiru kamar ba ta da rai, sai fara ta matso ta cafke ta. Gurguwa kuwa saƙa ta fi so, ta lulluɓe bakin raminta da farin zare kamar auduga.

Haka muka yi har bazara. Da zafi ya tsananta sai tausayinsu ya kama ni. A gidanmu abin da duk ake so ya rayu ruwa ake ba shi; na sha ganin Baba yana yayyafa wa tarwaɗa ruwa ya rufe ta da jiƙaƙƙen buhu ta kai kasuwar Haɗeja tana motsi. Ni ma sai na riƙa jiƙa yashinsu safe da yamma, ina rufe goran da buhu. Bayan kamar mako biyu goran ya fara wari, zaren Gurguwa ya yi funfuna, wasu ƙananan fararen ƙwari suka taru a bakinsu. Na jefa fara, ta yi ta yawo a kansu ba wadda ta kula. Iya ta leƙa, ta shinshina, ta ce, "Ramin da suka baro, a tudu yake ko a fadama?" Na ce a tudu. Ta ce, "To, ba kowane rai ne kifi ba." Da hannunta ta tankaɗe busasshen yashi muka sake musu wuri, amma mun makara. Gurguwa ta naɗe ƙafafunta ƙarƙashin cikinta washegari. Baƙa ta ƙara kwana tara, ina cire mata ƙwarin da gashin kaza, sannan ita ma ta naɗe.

Abokaina sun yi ta dariya, suna tambayar yaushe ne sadakar uku. Na binne su a gindin tsamiya, na koma bayan rumbu na kasa cin tuwo, don na san hannuna ne ya kashe su. Can sai ga Iya ta yafa mayafinta na fita unguwa, ta yi sallama, alhali cikin gida ɗaya muke. Ta zauna a ƙasa kusa da ni, ba wasa a fuskarta, ta ce, "Maigida, ya haƙuri?" Ban san amsar ba. Ta ce, "Cewa ake yi, da godiya." Na faɗa. Ta zauna tare da ni har aka kira la'asar.

Yanzu kogin ba ya haurowa kamar da, ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, tudun nan kuma an baje shi ana noman alkama. Nakan duba gefen gonaki ko zan ga rami mai farin zare, ban ƙara gani ba. Na zauna zaman makokin Iya, da na Baba, da na ɗana na fari, mutane suna shigowa layi-layi suna yi min tambayar nan. Duk lokacin da na buɗe baki zan amsa, muryar tsohuwar nan nake ji tana gaya min abin da ake cewa. Allah Ya jiƙanta, ba ta raina hawayen yaro ba.