Gudu Biyu a Fadamar Katuzu

Mun tashi da asuba daga ƙofar makarantarmu a Nguru, mu goma sha ɗaya cikin bas ɗin haya: ni malamin wasanni, da abokin aikina malamin lissafi da na roƙa ya zo ya riƙe mana agogo, da direba, da ɗalibai takwas kowa da takalmin gudunsa a leda. Gashuwa muka nufa, wajen gasar gudun dogon zango ta makarantun sakandaren shiyyarmu. Ba irin gudun da ake zagaya fili ba ne, wannan cikin gonaki ake yin sa, kilomita shida, kuma wanda ya zo na ɗaya shi kaɗai zai wakilci shiyya a Damaturu. Shekara tara ina kai yara wannan gasa ban taɓa dawowa da ko murfin kofi ba, har malamai suka laƙaba mini suna Ɗan Rakiya.

Bana kam da ƙarfina na fita, saboda ina da wani ɗalibi ɗan aji shida da abokansa ke kira Dogo. Ɗan masunta ne. Tun yana ƙarami shi ke kai kifin babansa kasuwa daga bakin ruwa a guje, ya dawo ya sa rigar makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa. Wannan ce shekararsa ta ƙarshe da mu, in bai je Damaturu bana ba, shi ke nan. Babansa ya rako shi har bakin mota. Mutum ne marar yawan magana, sai kawai ya miƙo mini ƙullin bandar kifi ya ce a ci a hanya.

Gari na wayewa muka bar Nguru a baya. Dama da hagu ciyawar kacala ce ta cinye ruwa, sai ɗan wurin da masu kwale-kwale suka sassare suka buɗe wa kansu hanya. Farin tsuntsu ya cika bishiyoyi. Titin kuwa yana da kyau a wani wuri, a wani wurin sai ka yi addu'a. Direbanmu ya san kowane rami kamar shi ya haƙa, amma sanin bai hana shi faɗawa ba. A Jajimaji muka tsaya karin kumallo. Ƙosan naira ɗari biyu yanzu ba ya cika tafin hannu, na faɗa wa mai tuyar haka, ta ce in je in tambayi masu sayar da mai. Na hana yara cin ƙosai da yawa saboda gudu, sannan don kada a yi asara na cinye ragowar. Malamin lissafi ya kalli tumbina ya ce wa yara, wai su yarda da shi, wannan mutumin ya taɓa yin gudu a zamaninsa.

Gaba kaɗan garken shanu ya tare hanya, makiyayin ya ɗaga mana sanda yana murmushi, muka jira har ɗan maraƙin ƙarshe ya ga dama ya tsallaka. Wajen ƙarfe takwas muka shiga Gashuwa. 'Yan adaidaita sun cika gari, buhunan albasa da tattasai jibge a bakin titi, ga ƙamshin kifin da ake bandawa yana tasowa ta wajen kogi. Mu mutanen Nguru ba ma yarda a bainar jama'a cewa kifin Gashuwa ya kai namu, don haka ba zan ce komai ba.

A filin wata makaranta ta wajen Katuzu aka taru. Makarantu sun zo daga Jakusko, da ƙauyukan Bade, da namu ɓangaren. Masu shirya gasa sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. Kwana uku kafin nan sun auna hanyar da babur, suka zuba toka a kowace kwana, suka kafa sanduna da jan ƙyalle. Hanyar ta fita daga fili, ta bi ta yashi, ta gangara fadama ta ratsa tsakanin gonakin albasa, ta zagayo ta wata kuka, ta dawo. Amma a cikin fadamar hanyar siririya ce, mutum biyu da ƙyar suke jerawa. Saboda haka aka raba masu gudu rukuni biyu, aka ce agogo ne zai yi hukunci: wanda lokacinsa ya fi na kowa gajarta a rukunin biyu, shi ne zakara. Aka jefa ƙuri'a a hular shugaban gasa, muka faɗa rukunin farko.

Da aka busa usur ban san sanda na yar da hulata ba. Minti ashirin da wani abu muna tsaye muna leƙe, sai ga Dogo ya ɓullo shi kaɗai, ƙafafunsa fari fat da ƙurar yashi, na biyu ko alamarsa babu. Na yi ihu har muryata ta dushe. Malamin lissafi, wanda ban taɓa ganin haƙoransa a aji ba, ya rungume direba. A raina har na fara tsara yadda zan shiga ofishin malamai da kofi, da wanda zan fara nuna wa.

Rukuni na biyu ya tashi da hantsi. Da suka fara dawowa sai kowa ya zuba musu ido. Yaran nan laka ce a jikinsu har gwiwa, baƙa mai danƙo. Wani ya shigo da takalmi ɗaya a hannu, wani babu ko ɗaya. Wanda ya riga su wani gajeren yaro ne ɗan Katuzu, ba takalmi, yana haki kamar ƙirjinsa zai tsage. Aka haɗa lokuta, Dogo ya riga shi da daƙiƙa bakwai kacal.

Malamin yaron ya je gaban tebur yana rantsuwa cewa ruwa ya malale hanyar fadama. Shugaban gasa, wani dattijon malami mai farin gilashi, ya ce masa duk shekara wanda bai ci ba yana da abin faɗa, bara iska ce, bana laka. Takarda ta ce agogo, agogo kuma ya yi magana. Ni ina gefe. Zan faɗa muku gaskiya tunda na ɗauki alƙawarin ba ku labarin yadda yake: na ga lakar nan da idona, na kuma san yarana sun dawo ƙafa a bushe, amma na sunkuyar da kai ina kakkaɓe hulata kamar wani babban aiki. Shekara tara ba wasa ba ce.

Da na ɗago ban ga Dogo ba. Yara suka ce ya koma fadama. Na bi shi ina faɗa a raina, na same shi tsaye a inda hanya ta ratsa gonakin albasa. Wurin da ya taka a bushe da safe ya zama taɓo, tsawonsa ya kai jifa biyu. Ga wani tsoho da fartanya a kafaɗa yana gyara bakin kwalbati na ƙasa, injin ban ruwa na ta ƙara daga bakin kogi.

Na yi masa sallama, na ce, "Baba, ba a gaya maka yau yara za su bi ta nan ba?"

Ya ce, "Wa ya gaya mini? Na dai ga jan ƙyalle, na ɗauka masu awon ƙasa ne suka dawo. Malam, mu bakwai ne a kan wannan hanyar ruwa, kowa da ranarsa da lokacinsa. Nawa daga hantsi ne zuwa azahar, yau. In na bari ya wuce, sai wani mako, albasata ta ƙone."

Ashe haka suke yi a wannan fadama. Ruwan yana bin ƙaramar magudana ɗaya, in layin mutum ya zo sai ya sare bakin da fartanya, ruwa ya tsallaka hanya ya shiga gonarsa. Masu shirya gasa sun nemi izinin mai unguwa, sun auna, sun zuba toka, amma ba wanda ya tuna ya tambayi manoma ranar ban ruwa. Su ma ranar da suka zo awo layin wani ne can ƙasa.

Dogo ya cire takalmi ya shiga taɓon. Ya yi taku biyar, kowane sai ya fizgo ƙafa da ƙarfi. Ya fito ya tsaya a gabana, bai kalle ni ido cikin ido ba, don yaro ne mai kunya.

Ya ce, "Malam, ba hanya ɗaya muka bi ba."

Na ce masa ƙuri'a aka jefa, ba mu muka buɗe ruwa ba, rabo ne Allah ya ba shi. Na tuna masa wannan ce shekararsa ta ƙarshe. Na kawo duk dalilan da na tanada, kuma wallahi dalilai ne masu kyau.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Haka ne, Malam. Amma in na je Damaturu aka ce wa na tsere wa, me zan ce? Wannan wurin ya fi daƙiƙa bakwai."

Kunya ta kama ni a gaban tsohon nan da fartanyarsa. Ni ne nake tsayawa a filin makaranta ina yi musu wa'azin gaskiya a wasa, yau ga ɗalibi yana maimaita mini darasin, a tsaye cikin laka.

Tare muka koma gaban tebur. Na ce wa shugaban gasa makarantar da ta ci ce ke kawo ƙara a kan lakar nan, ba wadda ta faɗi ba. Ya cire gilashi ya dubi ƙafafun Dogo, ya dube ni, ya tambayi yaron ko ya san abin da yake shirin saki. Dogo ya ce ya sani. Aka yi ta shawara, wasu na cewa ba a taɓa yi ba. Daga ƙarshe aka tsayar: ukun farko na kowane rukuni za su sake gudu tare bayan la'asar, a hanyar nan yadda take, da lakarta.

Tsakanin nan muka shiga gari. Wata mata kusa da kasuwa ta zuba mana burabusko da miyar kifi, ta gaishe mu da Barbarci, da ta ji hausarmu ta koma Hausa, da maƙwabciyarta ta leƙo suka ci gaba da Badanci. Abincin ya yi daɗi, in ji malamin lissafi. Ni ban ji ɗanɗanon komai ba. Dogo ya ci kaɗan, ya sha ruwa, ya kwanta a inuwar mota ya yi barcinsa hankali kwance, ni kuwa ina ta zagaye kamar ni zan yi gudun.

Kafin la'asar labari ya zaga Katuzu. Da muka dawo daga masallaci, masu babura sun jeru, manoma sun bar gonaki sun tsaya a kan kunyoyi, har da tsohon mai albasa a gaba-gaba. Yara shida suka tsaya a layi, Dogo da ɗan Katuzu duk ba takalmi. Wannan karon ban tsaya a fili ba, na je bakin taɓon da kaina. Su biyu suka iso a jere. Dogo mai dogon taku ne, lakar ta riƙa riƙe shi, shi kuwa gajeren yana tafiya da ƙananan taku da sauri-sauri, irin na wanda ya tashi yana bin kunyar albasa. Ya fita da tazara mai yawa. Na hau bayan wani ɗan acaɓa muka yanke zuwa fili. A yashin ƙarshe Dogo ya riƙa cin tazarar nan, yana matsowa, yana matsowa, jama'a na ihu da harsuna huɗu. Ɗan Katuzu ya taka layin toka, Dogo na bayansa da taku biyu.

Na ji zafi, ba zan ɓoye ba, har idona ya kawo ruwa. Amma da na ga Dogo ya miƙe daga durƙuson haki ya je ya ɗaga hannun yaron nan sama, sai wani abu ya cika mini ƙirji wanda ban taɓa ji ba a shekaru tara na rakiya. Shugaban gasa ya miƙa kofi ga mai shi, sannan ya kira Dogo ya yi masa musabaha da hannu biyu. Muna shirin shiga mota sai ga tsohon nan ya sa an ɗauko rabin buhun albasa a babur, ya ce a kai wa uban yaron nan, a ce masa ya iya tarbiyya.

Mun kamo hanya rana na faɗuwa, mota na warin albasa da laka. Muka yi magariba a Jajimaji. Yara suka yi ta waƙa da sunan Dogo har muka hango fitilun Nguru. Abin da na koyo a wannan tafiya ba shi da yawa. Duk wanda zai shata hanyar gudu a fadama, ya fara gaida manoma ya tambayi ranar ruwa kafin ya hau babur ɗin awo. Agogo kuma lokaci kawai ya sani, bai san abin da ƙafa ta taka ba. Na ukun ya fi nauyi, kuma ɗalibina ne ya koya mini shi.

Baban Dogo na zaune a kan benci a ƙofar makaranta. Na fara kame-kame ina neman ta inda zan ɓullo wa labarin, ina cewa da farko dai mu ne muka ci, sannan ruwa, sannan shawara. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya dubi busasshiyar lakar da ke ƙafar ɗansa, ya ce, "A gudu na biyun, hanya ɗaya suka bi?"

Na ce, "Ɗaya, Baba."

Ya ce, "To ai an yi gudu." Ya saɓa albasarsa a kafaɗa, ɗansa ya karɓe, suka tafi gida.

Gobe Litinin zan shiga ofishin malamai hannu rabbana, karo na goma. Duk mai son ya kira ni Ɗan Rakiya ya kira da babbar murya, zan amsa. Na san wanda na raka.