Karta a Ƙarƙashin Mayafi

Bazara ce, irin wadda mangwaro ke faɗowa da kansa a tsakar gida, ya fashe, ba mai ƙarfin sunkuyawa ya ɗauka. A Sokodé hadari yakan taso da yamma, ya yi baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, sai ya watse. Shekarar duk haka ta zo mini: komai jira, komai jinkiri. Abu ɗaya ne ya yi gaggawa, haihuwar 'yata.

A Dapaong take aure, gidan 'yan kasuwar hatsi. Shirinmu shi ne ta sauko unguwarmu Didaouré ta haihu a gabana, kamar yadda ake yi a cikin fari, amma naƙuda ba ta jira mota ba. Da 'yar fari ce da ƙanwata za a tura, don ba a yi wa 'yar fari wannan rawar jiki. Ita ta uku ce, saboda haka na ɗaure kanwa da yaji da zannuwa, na hau motar arewa.

A cikin kayan akwai wayar da babban ɗana ya aiko mini daga Lomé, irin mai faɗin nan da yara ke ce wa tabilet. Ni ban yi lakwal, wato makarantar boko, ba ina yarinya. Sai da na aurar da 'ya'ya biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kpangalam, inda wata madam 'yar Kotokoli ke koya mana bayan la'asar. Baƙaƙe sun zauna mini, lambobi ne suka ƙi. Shida da tara kullum sai sun yi mini musanya. Ranar da madam ta ga wayar a hannuna ta karɓa, ta danna nan ta danna can, ta miƙo mini, fuskar wayar ta koma kore shar, ga karta a jere layi-layi.

Na ce, "Madam, ai wannan caca ce."

Ta ce, "Da wa za ki yi cacar? Ke kaɗai ce. In an ci, ke kika ci. In an cinye, ke aka cinye."

Ta nuna mini: ja a kan baƙi, baƙi a kan ja, ƙarami ya bi babba. Goma, tara, takwas, haka har ƙasa. In hanya ta buɗe sai kowace karta ta koma gidanta a sama, in ta toshe a sake rabo. Da wannan wasa na raba shida da tara. Sai dai ya bar mini wani hali: ba na iya duba lamba ban faɗe ta ba. Ko ban ɗaga murya ba, leɓena na motsi. Bakwai ja, shida baƙi, biyar ja.

A gida a ɗaka kawai nake yi, ƙofa a saye. A unguwarmu karta ta 'yan tasha ce, ba ta matan aure ba. Maigidana mahauci ne mai zafin kai a kan irin wannan, bai taɓa gani ba. 'Yar nan tawa kaɗai ta taɓa kama ni kafin aurenta, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kuma rufa mini asiri.

Zafin Dapaong ba irin namu ba ne. Namu yana sa gumi, nasu busar da mutum yake yi. Gidan babba ne, mata da yawa, kuma duk abin da za a yi sai an ji bakin uwar mijin 'yata, wadda kowa ke kira Hajiya. Doguwar mace ce, ba ta da yawan magana, tana kallon mutum kamar mai auna gero. An karɓe ni da mutunci, amma uwar mai jego a gidan surukai ba ta da wurin zama. In na ji sallamar surukina sai in ja mayafi in bar tsakar gida. In mata sun baje hira, rabin hirar ba ta kamata a kunnena ba. Wurina ya zama bayan madafa, gindin wata darbejiya, inda aka girke babbar tukunyar ruwan wanka.

Itace na da wuya a can, da kara ake yawan hura wuta, kara kuwa ba ya barin mutum ya tashi. Safe da yamma ina nan, ina tura kara, ina jiran ruwa ya tafasa. Kwanakin farko na yi haƙuri. Daga baya na fito da wayar, na ɗora a cinya, na rufa mata gefen mayafi.

Ban san yadda nake a idon mai wucewa ba sai da na ji wata matar gidan tana cewa wata, "Ki rage murya, baƙuwa na karatu." Na ɗago, ba kowa a wurin sai ni. Dattijuwa a gindin itace, kai a sunkuye, yatsa na tafiya a hankali, leɓe na motsi. Me kuma za su ce?

Washegari wata ta tsaya daga nesa ta ce, "Inna, Alƙur'ani ne a ciki?"

Na ce, "Akwai shi a ciki."

Akwai shi ɗin kuwa, ɗana ya sa mini, nakan saurara wani lokacin da asuba. Amma na san abin da ta tambaya, na kuma san abin da na amsa.

Daga nan magana ta bazu. Yara suka daina wasa ta bayan madafa. Aka fara aiko mini da fura mai sanyi. Na ji an ce surukina yana faɗa a kasuwa cewa Allah ya ba shi suruka wadda ba ta da aiki sai littafin Allah. Kowace rana nakan ce yau zan bar wayar a jaka. In kara ya kama wuta, ruwa ya fara ƙara, sai in ga hannuna ya ɗauko ta.

Wata safiya ina fyaɗa wa 'yata ruwan zafi da ganye a makewayi, ta cije haƙori, ta ce ƙasa-ƙasa, "Mma, takwas baƙi ya hau tara ja?"

Na ce, "Rufe mini baki, mara kunya."

Ta yi dariya har ɗinkinta ya yi mata zafi. Na ce mata ni dai abin ya ishe ni, zan gaya wa Hajiya gaskiya, in ya so a yi dariyar a gama. Nan take dariyar ta ɗauke. Ta kama hannuna da ganyen a ciki.

"Mma, don Allah kar ki yi. Tun da na zo gidan nan ''yar Sokodé' suke ce mini. In na yi kwalliya, 'yar Sokodé. In na yi dariya, 'yar Sokodé, idonta a buɗe. Tun da kika zo Hajiya ta fara kirana 'yata. Jiya da hannunta ta dama mini kunu. Ke arba'in za ki yi ki tafi, ni nan zan zauna."

Na ci gaba da fyaɗa ruwa.

Akwai wata maƙwabciya, 'yar ƙabilar Moba daga Bombouaka, ta musulunta ta auri wani direba, tana sayar da tumatir a bakin layi. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta, matan gidan suna tsokanarta a kan haka tana rama musu. Wata la'asar ina gindin darbejiya, wasan ya yi mini kyau yadda ya daɗe bai yi ba, karta na ta komawa gida ɗaya bayan ɗaya, sai na ga inuwa a gabana. Ita ce, goye da 'yarta, riƙe da kofin ruwa. Bayanta ga Hajiya da matan gidan.

Ta durƙusa. "Inna, yarinya jikinsa zafi tun jiya, bai sha nono. Ka tofa mini abin da kana karantawa."

Yarinyar ta langaɓe a bayanta, leɓenta ya bushe. Na kalli kofin. Hannuna ɗaya na ƙarƙashin mayafi, danne da wayar, ban san inda ake kashe ta da sauri ba sai na duba.

Hajiya ta matso. "Kawo in riƙe miki. Ina da alwala."

Hannu biyu ta miƙo, yadda ake karɓar abu mai daraja. Ni kuma na ba ta. Ban san dalili ba. Ina jin don ban saba a miƙo mini hannu in hana ba.

Ta duba. Koren nan, da jajaye da baƙaƙe, da tsoho mai gemu da rawaninsa a saman layi. Ta daɗe tana dubawa. Fuskarta ba ta canza ba. Sai ta kifa wayar a ƙirjinta, ta ja mayafinta ta rufe.

Ta ce, "Tofa mata. Fatiha ai kowa ya iya."

Na karɓi kofin. Na karanta Fatiha, na ƙara da Ƙulhuwallahu, muryata kamar ta wata. Da na zo tofawa babu ko ɗigon yawu a bakina, iska kawai na hura. Matar ta ce amin, amin, ta ɗura wa yarinyar. Kafin ta gama godiya Hajiya ta juya ga matan.

"A kira zemijan, mai babur, yanzu. Addu'a an yi, saura asibiti. Tashi, ke, kar ki tsaya ɗaura ɗankwali."

Aka watse. Ruwana ya tafasa har ya fara ƙonewa, na kwashe, na yi wa mai jego wanka.

Bayan magariba Hajiya ta aiko a kira ni ɗakinta. Tana kan buzunta, wayar na gefe, naɗe cikin farin ƙyalle mai tsabta. Ban gane ba ko sutura ce ko gori, wataƙila duka biyun. Na zauna daga bakin ƙofa.

Ta ce, "An ƙara wa yarinyar ruwa. Sun ce za ta kwana."

Na ce, "Allah ya ba ta lafiya."

"Amin." Ta ja carbi kaɗan. "A gidan nan, tun zamanin maigidan, ko a aljihun baƙo aka ga karta, a waje yake cin tuwonsa."

Na ce, "Haka ne, Hajiya. Mu ma haka ne."

"Ku ma haka ne." Ta maimaita, ba da faɗa ba. Na so in ba ta labarin madam, da shida da tara, da cewa ba kuɗi a ciki, ba abokin wasa. Amma ba a kan wasan take kallona ba, na sani. A kan furar da na sha ne, da yaran da aka kora daga bayan madafa, da matar da ta durƙusa.

Sai ta yi tambayar da nake tsoro. "'Yarki ta sani?"

Daga inda nake ina jin jaririn yana kuka, ina jin 'yata tana lallashinsa da waƙar da ni na yi mata. Na dubi tabarma.

Na ce, "Ba ta sani ba."

Hajiya ta dube ni irin duban da ta yi wa wayar. Ita ma uwa ce, ta kuma ga yadda mu biyu muke ƙus-ƙus a makewayi. Ban ɗago ba.

Can ta ce, "To. Haka nake so in ji. Ɗana ma kada ya ji, ya riga ya cika kasuwa da labarinki." Ta turo mini ƙunshin da bayan hannu. "Ki kai jaka. Sauran kwanakin ki riƙa zama cikinmu, hirarmu ba ta cizo."

Na ce na gode. Ban taɓa yin godiya mai nauyin wannan ba. Ƙaryata ta farko, ta Alƙur'ani a waya, na yi ta ne da rabin gaskiya, ta biyun kuwa ƙarya ce tsagwaronta, a gaban mace mai carbi a hannu, ita kuma ta karɓa ta taya ni riƙewa. Da na koma ɗaki 'yata ta ce, "Mma, lafiya Hajiya ta kira ki?" Na ce maganar kunun gobe ce.

Da gari ya waye na hura kara, na yi wa mai jego wanka, na dama kunun kanwa, na zuba wani a kwano mai murfi. Na tambayi hanyar asibiti, na taka da ƙafa kafin rana ta yi zafi. Na samu matar a bakin gado, idonta ja, yarinyar na barci da allura a hannu. Tana ganina ta yunƙura za ta durƙusa, na riƙe kafaɗarta.

Ta ce, "Inna, ka zo da karatu?"

Na ce, "Da kunu na zo. Sha tun da zafinsa."

Na karɓi mahucin daga hannunta, na zauna a inda ta tashi, ina yi wa yarinyar fifita har uwar ta shanye kunun.