Ranar da Na Cire wa Kare Mazurari

Ko na tsufa ba zan manta da abin da na jawo wa wani kare a Riyad ba. Lokacin ina tuƙa wani dattijo Balarabe, kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, a unguwar Al-Murabba. Yana da karen farauta, siriri mai dogayen ƙafafu. Ƙugun karen ya lalace, aka yi masa tiyata aka sa masa gaɓar ƙarfe. Aka ɗaura masa wata roba kamar mazurari a wuya don kada ya lashi ɗinkin.

Dattijon ya tafi Umra, ya bar mini shi. Karen sai karo yake da bango, ko ruwa da kyar yake sha. Na ce a raina, a garinmu ai da harshe kare yake warkar da ciwonsa. Na cire. Har daɗi na ji wai na yi taimako.

Bayan sati uku ya daina taka ƙafar. Wurin ya kumbura, da zafi, mugunya na tsattsafowa. Likitan dabbobi ya ɗauki hoto, ya ce ƙwayoyin cuta sun kai ƙashi, sun manne wa ƙarfen. In magani bai ci ba, sai an cire ƙarfen, ƙila ƙafar ma ta tafi.

"Ya lashi ɗinkin?" ya tambaya.

Dattijon, da ya riga ya dawo, na tsaye gefena. Na ce, "Ni na cire robar, Baba."

Dattijon ya ce, "Khalas, shi ke nan. Kai za ka yi jinyarsa."

Sati takwas, ƙwaya safe da yamma. Ni da ko inuwar kare ba na so, na koyi tura magani cikin hantar kaza. In ya tofar, in buɗe bakin da hannuna. Abokin ɗakina ya ce, "Mutumina, mutane na zuwa Saudiyya su zama alhazai, kai ka zama nas ɗin kare."

Na ce, "Yi dariyarka. Ƙafar nan dai ba za a yanke ta ba."

A sati na bakwai karen ya sauke ƙafar ƙasa, ya taka, ya ƙara takawa. Ɗingishin bai taɓa barinsa duka ba, kuma kullum na gani na san aikina ne.

Tun daga nan, in likita ya ce kar a taɓa, tausayi ko ya kai ina, hannuna yana aljihu.