Madugun da Bai Kai Ayari Gida Ba

Duk wanda ya tashi a Soron Ɗinki ya san Malam Mikail tela, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Shi ne Madugu a Ayarin Samaniya, wasan talabijin ɗin nan da aka shekara goma sha ɗaya ana yi: fatake bakwai da jirginsu ya ɓata a cikin taurari, kullum suna neman hanyar komowa duniya. Jirgin na kwali ne, rigunan kuwa shi ya ɗinka su da ledar tebur. Amma ranar Laraba in an fara, ko mai ƙosai sai ta sauke kasko.

Rana ɗaya gidan talabijin ya ce ya isa haka. Aka naɗi wasu shirye-shirye a kan faya-fayen wasan, ko ɗaya ba a bari ba. Mikail ya koma kan kekensa na ɗinki, ya yi wata uku ba wanda ya ga haƙorinsa.

Maƙwabciyarsa ce ta tashe shi, Baba 'Yardada mai daddawa, wadda yanar ido ta raba da gani. Ta lalubo bango har zaurensa ta ce, "Malam Mikail, ka bar bayin Allah a sama ka dawo kana ɗinki? Ni dai ido ya tafi, amma kunne yana nan."

Da wannan maganar ya tattaro abokan wasansa, da amininsa Hashim direba, suka ci gaba da labarin da murya kawai. A zauren suke naɗa, kowace Asabar da hantsi. Keken ɗinki ne injin jirgi, murfin tukunya ne ƙofarsa. Daga kaset aka koma memori, har matan Yakasai suna tura wa juna a waya. Shekara goma sha tara kenan, kuma kowane kashi Baba 'Yardada ce take fara ji. Takan ce ita fa ba inda za ta sai ta ji saukarsu.

To ga inda gizo yake saƙa. Ba sa rubuta komai, haka suka saba tun a talabijin. Mikail zai faɗi abin da zai faru a kashin ranar, kowa ya sa bakinsa. Ƙarshen labarin kuwa yana cikin kansa shi kaɗai. Hashim ya yi magiyar duniyar nan ya rubuta ko a bayan takardar awo ne.

Mikail ya ce, "Kano ce fa, Hashim. In na faɗa wa mutum ɗaya da safe, kafin la'asar an gama ji a Gwammaja."

Taurin kai dai irin nasa, Allah ya kyauta.

A kashi na kusa da ƙarshe ayarin ya hango duniya, ga iskar shaƙa ta kusa ƙarewa, ga injin ya tsaya. Aka sa Asabar a naɗi na ƙarshe. Ranar Alhamis Mikail ya kife a kan keken ɗinki. Da aka dawo da shi daga asibiti ɓarin dama ya shanye, harshe ya karye. Hankalinsa ras, yana jin kowa, amma in ya buɗe baki sai gurnani. Ya gwada biro da hagu, abin da ya fito ko shi bai gane ba. Kai kawai yake iya gyaɗawa.

'Yan dubiya suka yi ta sintiri. Kowa labarin yana cinsa, amma wa zai dubi mutum a kwance ya yi masa zancen wasa? Sai a ce Allah ya ƙara sauƙi, a ajiye lemo, a tashi. Hashim ma kunya ta hana shi. Mikail ya dinga bin bakin kowa da ido, yana jira a tambaye shi. Wallahi wannan jiran ya fi ciwon ci masa rai.

Bayan wata biyu, wata rana da hantsi matarsa Turai ta shiga maƙwabta barka, sai ga sallamar Baba 'Yardada. Ta tsufa tukuf, ta rame. Ba ta shigo ba, ta durƙusa a bakin ƙofa, tunda ɗakin mijin wata ne. Ta yi masa sannu, sannan ta ce, "Malam Mikail, ka yafe mini rashin ta ido. Ni ma jikin ya ƙi, ban san ko zan sake fitowa ba. Abu ɗaya na zo ji. Sun iso gida?"

Sun iso. Dukansu bakwai ɗin, a filin Idi ma ya shirya za su sauka. Mikail ya gyaɗa kai. Ya sake gyaɗawa da ƙarfi har wuyansa ya yi zafi. Ita tana fuskantar bango, ta kasa kunne. Ya tattara iya ƙarfinsa zai ce e, abin da ya fito sai ya yi kama da kuka.

Can ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Na gane, kada ka wahalar da kanka. Da ma jikina ya ba ni. Allah ya jiƙansu."

Ta dafa bango ta miƙe. Yana jin jan takalminta har zaure, har ya daina ji, bai bar gyaɗa kai ba.